Butar da Na Karɓa a Najma

Ishaya, Rifkatu, da ke auta Hannatu, wannan babin ku na rubuta wa, kuma shi ne wanda na fi jan ƙafa kafin in zauna in rubuta. Ran da aka yi sujadar godiya ta dawowata gida, Ishaya ya miƙe a gaban ikkilisiya ya ce mahaifinsa ya zauna a ƙasar Larabawa shekara da shekaru bai taɓa ɓoye sunan Yesu ba. Mutane suka tafa, 'yan zumuntar mata suka yi guɗa. Ni kuwa ina zaune a bencin gaba kaina a sunkuye, kuka ɗauka tawali'u ne. Kunya ce. Mamanku da ke gefena ta san gaskiya, ta dafa gwiwata. Tun daga ranar abin yake cina, domin na sake barin ƙarya ta tsaya saboda na yi shiru, kuma ta farkon ma da shiru ta fara.

Kun san sunana Yakubu, sunan kakanku Audu. A ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi wannan bai taɓa ruɗa kowa ba, don yaro da babba sun san gidan Audu gidan masu zuwa coci ne tun zamanin kakana. Hausarmu ɗaya da maƙwabta, sallamarmu ɗaya, Allah muke cewa su ma Allah suke cewa. Na tashi ina ganin alwala a ƙofar kowane gida, kuma masallacin unguwa yana jikin katangar firamarenmu, har na iya abin da ake karantawa a salla ba tare da wani ya zaunar da ni ya koya mini ba. Ban taɓa tunanin wata rana wannan sanin zai zame mini tarko ba.

Da na sauka Doha aikin gadi, kamfani ya kai ni wani tsohon bene a Najma, unguwar da leburori da direbobi suka cika, ƙasa duk shagunan abinci da na canji, sama kuma ɗakuna da gadaje masu hawa biyu. Na hau matakala da jakata, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ban ji kalmar Hausa ko ɗaya ba tun da na baro Kano. Ina tura ƙofa sai ƙamshin miyar kuka ya buge ni. Wani dattijo mai furfura a gemu ya karɓi jakar daga hannuna. Shi ne Malam Tukur, mutumin Haɗeja, direban bas ɗin da ke kai ma'aikata filin jirgin Hamad, kuma shi ne babban ɗakin. Ya tambayi sunana na faɗa.

"Yakubu Audu," ya ce. "Madalla, namu ne. Ga buta, yi sauri ka samu la'asar, yanzu za mu tayar."

Ya miƙo mini ita, wata shuɗiyar buta ta roba da murfinta ya ɓace. Kalma uku kawai nake bukata: ni Kirista ne. Suna bakina. Amma dillalin da ya yi mana hanya ya ja mana kunne a Kano cewa a ƙasar nan ba a maganar addini, wanda ya yi za a sa shi a jirgi. Ga shanun noma na sayar kafin in taho, ga ku ƙanana a gida. Na duba fuskokin mutanen ɗakin suna mini murmushi, na miƙa hannu na karɓi butar. Ba wanda ya tsare ni, ba wanda ya ko ɗaga mini murya. Na shiga bayi na yi abin da na saba gani, na fito na shiga sahu. Na ce wa kaina yau kaɗai ne, gobe in na huta zan yi bayani.

Goben ba ta zo ba. Kuma kada in ɗora wa dillali laifin da ba nasa ba, domin ba a jima ba na gane maganarsa ba haka take ba. A wurin aiki ga 'yan Kenya ga 'yan Filifin da gicciye a wuya, kowace Jumma'a motoci na kwasarsu zuwa harabar majami'u da ke bayan gari, ba mai ce musu kanzil. Ashe ba ƙasar nake tsoro ba. Ɗakin nake tsoron rasawa: tuwon da ake tuƙawa ranar hutu, hirar gida, da yadda Malam Tukur ke ce mini ƙanena. Kullum na jinkirta, faɗar gaskiyar sai ta ƙara nauyi, don yanzu ba sai na ce ni Kirista ne kawai ba, sai na kuma faɗi dalilin da ya sa na yi ta shiga sahunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne azahar. Ni da Malam Tukur mukan tashi aiki da hantsi, sauran kuma sai yamma, saboda haka da rana mu biyu ne a ɗaki. Yana fama da ciwon gwiwa, benen ba na'urar hawa, ga zafin da in ka taɓa ƙarfen matakala sai ka janye hannu. Kafin zuwana yakan lallaɓa ya sauka masallacin layinmu don kada jam'i ya wuce shi. Da na zo sai ya daina.

"Allah ne ya kawo mini kai, ƙanena," ya ce. "Mutum biyu ma jam'i ne. Gwiwar nan ta huta."

Haka zan tsaya a damansa, kafaɗata na taɓa tasa, yana salla da dukan zuciyarsa, ni kuma ina motsa baki. Wani lokaci nakan kira sunan Yesu a zuci in ce ai Allah yana ganin ciki. Da wannan na riƙa lallashin kaina. In mamanku ta kira ta ce, "Baban Ishaya, ka samu coci kuwa?" sai in ce diuti ne, wato aiki, ya hana, Jumma'a ba na samun hutu.

A ɗakin akwai Nafi'u, Bakano, abokin aikina a ƙofar ma'aikata ta filin jirgin, mai bakin da ba ya gajiya. Wata safiya muna bas ni da shi, sai wani dattijo mai kayan masu shara da ke zaune gabanmu ya fara rera wata waƙar coci ƙasa-ƙasa, da Hausa, irin wadda kakarku ke yi tana surfe. Ban san lokacin da bakina ya bi shi ba. Dattijon ya juyo, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗansa.

"Ikon Allah. Ɗana, kai ɗan wace ikkilisiya ne?"

Nafi'u ya juyo yana kallona, yana jiran abin dariya.

"A'a, Baba," na ce. "Ni Musulmi ne. A rediyo na taɓa jin ta."

"To," dattijon ya ce. "Rediyon nan ya iya koyarwa." Ya juya ya ci gaba da kallon hanya, bai ƙara rerawa ba.

Har ranar ina iya cewa shiru kawai na yi, mutane ne suka yi zato. Daga ranar kuwa da bakina na faɗa. Na yi musun Ubangijina a cikin bas don kada Nafi'u ya yi mini dariya. Bayan haka addu'a ta gagare ni. In na rufe ido zan fara, sai in ji kamar wanda ya zagi mutum a kasuwa sannan ya zo ƙofar gidansa roƙon ruwa. Ina tsaye a bakin aiki ina duba katunan ma'aikata, jirage na tashi a kaina, ni kuwa tunanina ɗaya: in na faɗi na mutu a nan, da wace fuska zan tsaya gabansa? Abinci ya daina yi mini daɗi. Ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Sai na shiga ƙoƙarin biya. Na ce tunda na yi babban laifi, bari in tara manyan ayyukan kirki su rufe shi. Na karɓe wankin bayin ɗakinmu gaba ɗaya, ko ba layina ba ne. Na riƙa yi wa kowa girki, ina goge takalman mutane, ina karɓar wa wanda ya gaji diuti. Na riƙa yin azumi a ɓoye ba tare da na iya addu'a a cikinsa ba. Duk ran da na ji tsoron ya taso sai in ɗauki burushi.

"Ku matsa, ga waliyyin Najma," in ji Nafi'u. "Malam Yakubu, in za ka shiga aljanna ka riƙe mini ƙofa, ko da katin baƙo ne."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Abin da ban hango ba shi ne duk aikin da na yi don in rufe ƙaryar, ƙara mata gindi yake yi. Mutanen suka ƙara sona, suka ƙara yarda da ni. Daga nan kuma abin da na fi tsoro ya fito.

Malam Tukur ya daɗe yana burin zuwa Umara, kuma daga Doha akwai motocin da ke kai ma'aikata Makka ta ƙasa. A shekarar ya samu hutu. Amma saboda gwiwarsa yana bukatar wanda zai riƙe shi, ya tura shi a keke in tafiya ta gagara. Wata Jumma'a bayan mun ci tuwo, na dawo daga wanke kwanuka na tarar da fararen mayafai biyu a ninke a kan gadona, kowa yana murmushi.

"Haraminka ne," Malam Tukur ya ce. "'Yan ɗaki sun yi karo-karo sun kama maka kujera. Ba wanda ya cancanta kamarka. Kawo fasfonka cikin makon nan in kai wa masu motar."

"Sai tafiya, Alhaji Yakubu," in ji Nafi'u. "Ka ga amfanin wanke bayi."

Na taɓa mayafin na sunkuyar da kai, suka ɗauka murna ce. Na san wurin nan ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga. Na san wuri ne da mutanen nan ke ambata idonsu na kawo ruwa. In na tafi, na ɗauki ƙaryata na kai ta wurin da ya fi kowane wuri daraja a gare su, da guminsu kuma. In na ƙi, sai na faɗi dalili. Na yi godiya, na sa mayafan ƙarƙashin matashi, na kwana a kansu kamar na kwana a kan ƙaya.

Da na rasa inda zan sa kaina, sai na shiga neman dattijon nan na cikin bas. Na tambayi masu shara, aka ce Baba Istifanus ne, mutumin Billiri, yana kwana a gidajen kamfaninsu a Al Wukair, can bayan gari. Na same shi lokacin hutun rana a wani lungu bayan ɗakin ajiye kayan shara, yana shan karak, shayin madarar nan nasu, a kofin takarda. Ya ɗago ya dube ni.

"A'a, mutumin rediyo. Yau wace tasha ka kamo?"

Na durƙusa a gabansa da kakin aikina, na faɗa masa komai, tun daga butar har zuwa mayafan. Na kuma lissafa masa abin da na yi ta yi don Allah ya sassauta mini, wankin bayi da azumi da sauransu. Ya bar ni na gama.

"Ɗana," ya ce, "da burushi na wanke zunubi, da duk filin jirgin nan ba wanda ya kai ni tsarki. Aikina ke nan tun kana ina. Zunubi ba datti ba ne a jikin tayil da za ka dirje. Juya baya ne. Ka juya wa Ubangijinka baya, ka kuma cuci mutanen da suka ba ka gado da tuwo. Wanda ya juya baya, ko ya share duniya duka, bayansa dai yake nunawa."

"To Baba, wanda ya yi musunsa da bakinsa fa? Akwai sauran gafara?"

"Kai ne na farko? Cikin waɗanda suka ci abinci da shi ma akwai wanda ya rantse bai san shi ba, kuma bai kore shi ba, aiki ma ya ba shi. Wanda ya mutu a kan gicciye ya san da butar nan tun ba ka ɗauke ta ba, kuma ya riga ya biya. Abin da aka riga aka biya shi kake ta ƙoƙarin saye. Kyauta ce. Amma dubi hannuwanka, ɗaya na riƙe da buta, ɗaya na riƙe da burushi. Da wanne za ka karɓa?"

Na ce butar ce ta jawo mini duk wannan.

"Kada ka ɗora wa buta. A hannun Malam Tukur ibada ce. A hannunka ne ta zama ƙarya."

Na ce masa ina tunanin in ce ba ni da lafiya, ko kamfani ya hana ni hutu, tafiyar ta wuce, daga baya in nemi canjin ɗaki a hankali ba tare da kowa ya sani ba.

"Kana iya," ya ce. "Sai kuma wace ƙaryar bayan ita?"

"In na faɗa suka kore ni fa?"

"Suna iya korarka, kuma ba su yi laifi ba. Allah ya yi alkawarin gafarta wa wanda ya furta zunubinsa. Bai yi alkawarin Malam Tukur zai ji daɗi ba. Kada ka haɗa biyun."

Ya ajiye kofinsa, ya dafa kaina, muka yi addu'a a nan tsakanin bokitai. Shi ya fara, sannan ya ce in faɗa da bakina, in kira abin da sunansa, kada in ce kuskure. Na ce na yi musun Yesu, na yi wa bayin Allah ƙarya, na mai da sallarsu abin fakewa. Ina so in gaya muku cewa na tashi na ji sakayau, kamar yadda masu ba da shaida a coci suke faɗa. Ban ji ba. Na tashi da tsorona kamar yadda na durƙusa da shi. Abu ɗaya ne ya canja: na daina jin ana korata daga ƙofa. Baba Istifanus ya ce gafarar ba a kan abin da nake ji take tsaye ba, a kan wanda ya yi alkawarin take.

Mamanku ce na fara kira a waya. Ta saurara har na gama.

"Ni ma ka yi mini ƙarya, Baban Ishaya," ta ce. "Kowace Jumma'a."

Na ce haka ne.

"Za mu yi wannan maganar. Amma ni ina nan, ba inda za ni. Je ka gaya wa bawan Allahn nan tukuna. Kada ka sake cin tuwonsu kafin ka faɗa."

Washegari da azahar muna mu biyu a ɗaki, na'urar sanyi na ta gurnani. Malam Tukur ya fito daga bayi yana share ruwa a gemunsa, ya miƙo mini shuɗiyar butar yadda ya saba, ko kallona bai yi ba. Na bar hannuwana a gefe. 

"Malam, ba zan karɓa ba."

"Kana da alwala ke nan. To taso."

"Ba ni da ita. Ban taɓa yin ta da gaske ba. Malam, ni Kirista ne."

Ya tsaya da butar a hannu. Sannan ya zauna a bakin gado a hankali, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwa. Ubana ma haka, kakana ma haka."

"Wani ya tilasta ka a ɗakin nan? Faɗa mini ko wane ne."

"Ba kowa. Ka miƙo mini buta, na ji tsoro, na karɓa."

"Tsoron me, Yakubu? Wanda muke karɓeɓeniyar mota da shi Kirista ne, a kofi ɗaya muke shan shayi. Da ka faɗa ranar, gadonka kawai zan nuna maka in ce ga tuwo."

Na ciro mayafan daga ƙarƙashin matashi na ajiye kusa da shi. Bai dube su ba. Dardumar da ya riga ya shimfiɗa mana yake kallo, guda biyu a jere.

"Ashe duk azahar ɗin nan ni kaɗai nake," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ina jin kafaɗarka a jikin tawa, ina cewa mu biyu ne. Na bar sauka masallaci saboda kai. Da na sani da na lallaɓa da gwiwar nan, ko da rarrafe ne." Ya ɗago ya dube ni. "Wannan da me za ka biya ni?"

"Ba ni da abin biya, Malam. Sai dai in roƙe ka gafara."

"Na san ba ka da shi."

Ya naɗe dardumarsa ya saɓa a kafaɗa, ya bar ɗayar a shimfiɗe. Na tashi zan riƙe shi a matakala, ya ce, "Bari." Na tsaya a bakin ƙofa ina jin saukarsa, taki ɗaya, ya huta, taki ɗaya, ya huta, har ƙarar ta ɓace. A nan na gane abin da Baba Istifanus yake nufi. Na ɗauke wa mutumin nan abin da ba ni da ikon mayar masa, ko zan wanke bayin Najma duka har in mutu. In ba a yafe mini kyauta ba, ba wata hanya.

Da yamma na maimaita a gaban sauran. Nafi'u ne ya fi zafi, kuma ranar ba wasa a bakinsa.

"Ba don kai Kirista ba ne, ka ji da kyau," ya ce. "Don ka mai da mu sakarkaru ne. Muna ce maka waliyyi kana amsawa. Shi ke nan, ni na gama da kai."

Suka ce in bar ɗakin. Malam Tukur ya ce a bar ni har in samu wuri, ba a fitar da mutum titi a zafin nan, daga nan bai ƙara ce mini komai ba. Kwanakin da na ƙara a ɗakin a shagon ƙasa nake cin abinci. Baba Istifanus ya samo mini gado a Al Wukair wurin wasu 'yan Gana, nesa da aiki, ba mai jin Hausa sosai, ba kuka ba daddawa. Nafi'u ne ya raka Malam Tukur Umara a kujerar da aka kama mini. Har na bar ƙasar muna aiki a ƙofa ɗaya da shi, bai sake yi mini magana ba sai ta aiki. Na nemi gafararsa, ya ce ya ji. Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ina sa shi a addu'a.

Jumma'ar farko da na bi Baba Istifanus coci, a bencin baya na zauna. Da aka zo jibin Ubangiji, ana raba gurasa, na so in bar shi ya wuce ni, don Malam Tukur bai yafe mini ba tukuna, kuma ina ganin ban isa ba. Baba ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Wa ka ga ya isa a nan?" ya ce. "Miƙa hannu."

Na miƙa. Hannun da ya karɓi buta shi ya karɓi gurasar. Ba abin da na kawo. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe, 'ya'yana, fiye da duk abin da na aiko muku da shi daga ƙasar nan: Allah bai jira na gyara abin da na ɓata ba kafin ya karɓe ni, domin wani abin ba ya gyaruwa. Kuma karɓar da ya yi mini ba ta ɗauke mini zuwa gaban Malam Tukur ba, ita ce ma ta ba ni ƙafar zuwa.

Bayan sun dawo daga Umara, wani lokaci bas ɗinsa ne ke ɗaukarmu daga aiki. Nakan gaishe shi in na shiga, ya amsa a taƙaice idonsa na kan hanya. Haka muka daɗe. Wata rana ina sauka sai na ji ya ce, "Yakubu." Na juyo. Ya ciro wani ɗan ƙullin dabino daga gefen kujerarsa ya miƙo mini.

"Ina ɗawafi ina ambaton 'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, sai na zo kan sunanka," ya ce. "Na rasa abin da zan roƙa maka. Sai na ce Allah ya raba ka da ƙarya."

"Amin, Malam."

"Nawa na yafe. Na Allah kuma tsakaninku ne, ka fi ni sanin yadda kuke yi."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu.

"Sauka, kana tare wa mutane hanya."

Bai sake ce mini ƙanena ba, ban kuma sake hawa benen nan ba. Amma addu'arsa tana bina, kuma ita ce ta hana ni sakat tun ranar sujadar godiya. Ishaya, ba laifinka ba ne, abin da ka zata ka faɗa, ni ne na sake miƙa hannu na karɓa. Na riga na gaya wa fasto ina son ya ba ni dama ranar Lahadi bayan sanarwa. Ban san yadda dattawan ikkilisiya za su dube ni ba, ban san abin da za a riƙa faɗa muku a hanya ba, kuma gabana na faɗuwa kamar ranar nan a ɗakin Najma. Shi ya sa na ba ku wannan tun yau, don kada ku fara ji a bakin taro. Ku zo da wuri, ku zauna kusa da mamanku.